HOTON TSUNTSU A DAJI, DA YADDA A KE DUBA SHI

Wani malamin makaranta ya aiko mana da takarda, tare da hotunan tsuntsaye guda uku waɗanda ya ɗauka sa'ad da ya tafi dajin Yankari da rani. Ya ce duk wanda ya nuna wa sai ya ce, "Madalla, Malam!" Amma shi ransa bai kwanta ba, yana so a gaya masa gaskiya. To, Malam, mun gode. Ga amsarmu, kuma mun sa ta a wannan fili don sauran masu karatu su ƙaru, tun da ya ke yanzu kusan kowa yana da abin ɗaukar hoto cikin aljihunsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wajen zaɓen wuri da lokaci ba ka yi kuskure ba. An keɓe dajin Yankari, wanda ke ƙasar Bauci, cikin 1956, aka buɗe shi ga baƙi cikin 1962. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 2,200, an kuwa ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 350 a cikinsa. Da rani ciyawa ta kan bushe, namun daji da tsuntsaye su taru bakin kogin Gaji, ido ya sami sarari.

Hoto na fari, na balbela ne kusa da ɓauna. Tunaninka ya yi kyau, domin ka nuna abin da ya kawo ta: ƙwarin da ɓauna ke tayarwa cikin ciyawa su ne abincinta. Amma da tsakar rana ka ɗauka. Farin tsuntsu cikin hasken tsakar rana ya kan fito kamar an ɗiga alli bisa takarda, ba a rarrabe gashi ɗaya da ɗan'uwansa, kuma abin da haske ya ƙone ba ya gyaruwa daga baya. Maganin wannan shi ne sammako, ko kuwa bayan la'asar sakaliya, rana tana bayanka. In ya zama tilas da rana ne, sai ka rage hasken da ke shiga kyamara.

Na biyu, tsanwaka ce ta tashi daga reshe. Launinta ya fito, amma jikinta ya yi dishi-dishi, bakin hoton kuma ya yanke dogon wutsiyarta. Dalili biyu ne. Na ɗaya, idon kyamara ya daɗe a buɗe. Tsuntsu mai tashi yana bukatar ƙiftawar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan ba. Na biyu, ka ce mota tana kunne, karkarwar inji kuwa ta kan bi hannu ta shiga hoto. Ka roƙi direba ya kashe ta, ka ɗora kyamara bisa ɗan buhun wake a bakin taga. Har wa yau, al'adar tsanwaka ce ta zauna kan busasshen reshe tana duban ƙasa, ta sauko ta cafke fara, sau da yawa kuma ta koma inda ta taso. Da ka saita kan reshen ka jira, da ita da kanta za ta shigo. Masu wannan sana'a idon tsuntsu su ke fara dubawa: in ido ya fito tar, a kan yafe sauran, in bai fito ba, kome kyan fiffike hoton ya mutu. Ka kuma bar fili a gabansa, wajen da ya nufa.

Na uku shi ne wanda ka ce an fi yabo, watau kurciya kwance bisa ƙwai kusa da masaukinka. Lalle ya fi sauran fitowa sarai. Amma ka faɗa da kanka cewa sai da ka kakkarya rassan da suka tsare sheƙar. Malam, a nan ba mu yaba ba. Ganyen nan da ya tsare maka gani, shi ne ya tsare wa shirwa da hankaka gani, shi ne kuma inuwar ƙwan. Ka tafi da hoto, ka bar gida a buɗe. Tsuntsuwar da aka dama ta kan gudu ta bar ƙwanta, wata kuwa ta kan yi faɗa. Eric Hosking, Baturen Ingila wanda ya shahara kan hoton tsuntsaye, ya rasa idonsa na hagu cikin 1937, mujiya ce ta kai masa hari kusa da sheƙarta.

Yaya za a kusanci tsuntsu ke nan ba tare da cuta ba? Mu tambayi maharba. Maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshinsa ya kan sunkuya, yana tafe yana sassarar ƙasa, har nama ya ɗauke shi tsuntsu ne. Haka wasu 'yan'uwa biyu na Ingila, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka buga littafin sheƙunan tsuntsaye mai hotuna cikin 1895. Har fatar sa suka sa aka ɗinka musu da rami a ciki, mutum ya shiga da kyamara ya yi ta jira. Mai yawon daji a yau motarsa ita ce burtunsa, domin tsuntsaye sun fi tsoron mutum a tsaye bisa ga mota a tsaye. Ka zauna ciki, ka yi shiru, ka daina nuni da hannu. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani zai ce, mene ne na wahala haka kan tsuntsu? To, a duba ungulu. Dattawa sun san lokacin da ba a raba ta da mahauta, yau kuwa akwai garuruwan da yaro zai girma bai gan ta ba. Cikin 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun duniya, ta sa ta cikin waɗanda ke gab da ƙarewa. Gauraka ma ya yi wuyar gani ƙwarai a Nijeriya. Saboda haka hoton da aka rubuta masa rana da wuri shaida ne, wata rana shi za a nema a tabbatar tsuntsu kaza ya taɓa zama wuri kaza. Hotunanka uku babu mai kwanan wata. Ka rubuta tun ba ka manta ba.

Ku kuma, jama'a, in abokinku ya nuna muku hoto kada ku sallame shi da madalla kurum. Ku duba ido, ku duba haske, ku duba abin da ke bayan tsuntsun, sa'an nan ku tambaye shi yadda ya yi ya samu. Malam, muna jiran tsanwakar nan da wutsiyarta cikakkiya. Haza wasalam.