Hedifon Mudu Ne, Kada Mu Auna Da Lotsattse

  

Yau ina so in yi magana ne a kan wani abu da wasu za su ce ƙarami ne, wato hedifon, abin nan da masu sutudiyo ke maƙalawa a kunne idan suna aikin sauti. Abin da ya sa na ɗauko zancen kuwa shi ne wata kunya da muka sha, ni da wani abokina, kuma na san ba mu kaɗai ba ne a garin nan.

Abokin nan nawa tare muka gama sakandare. Ni na koma rumfar mahaifina a Kasuwar Kure inda muke sayar da hatsi, shi kuma ya tafi Kano ya koyi haɗa sauti a sutudiyoyin Zoo Road, ya dawo ya kama ɗaki ɗaya a unguwarmu ya sa kwamfuta da fiyano da makirufo. Aikin da yake samu shi ne waƙoƙin biki, da bege, da tallan 'yan kasuwa da za a kai gidan rediyo, wani lokaci kuma ɗaliban Islamiyya masu son a ɗauki karatunsu. Da zai sayi hedifon ni na raka shi wani shago. Muka ga wani babba mai sheƙi, da sunan wani kamfani sananne a jikinsa, aka sa mana waƙa, muka ji ganga tana dukan mu har cikin ƙirji. Nan take muka ce wannan shi ne. Kuɗinsa ma bai kai rubu'in abin da muka ji ana faɗa ba, muka dawo gida muna murna mun yi wayo.

Aikin farko mai tsoka da ya samu waƙar bikin 'yar wani Alhaji ce. Ya kwana biyu a kanta. A kunnensa komai ya zauna daidai. Ranar kamu da aka sa ta a manyan sifiku, wallahi gangar ta ɓace kamar ana kaɗa gwangwani, muryar mawaƙin kuma ta yi tsini tana soke kunne, duk inda ya furta "s" sai ka ji kamar ana fito. Mai sifikun ya cire ta ya sa wata. Washegari ƙanen amarya ya zo ya ce, "Malam, Alhaji ya ce an gode, amma sauran aikin a Kaduna za a yi." Shi ke nan.

Da na ba Baba labari bai ce komai a kan waƙa ba, don ba ruwansa da ita. Cewa ya yi, "Kai da ka tashi a rumfar hatsi, ka taɓa ganin na auna wa mutum da lotsattsen mudu?" Wannan magana ita ce ra'ayina gaba ɗaya. Hedifon na sutudiyo mudu ne, aikinsa ya faɗa maka gaskiyar abin da ka ɗauka, ko da gaskiyar ba ta da daɗi.

Ga yadda abin ya faru. Yawancin hedifon da ake yi don sauraron waƙa a waya ana ƙara masu kaurin sauti da gangan, domin shi ke burge mai saye a minti ɗaya. Namu ya ƙara kauri, ya kuma danne siririn sauti. Abokina da ya ji ganga ta yi yawa sai ya rage ta, da ya ji murya ta dushe sai ya ƙara mata kaifi. Ka ga ya gyara ciwon da ke cikin hedifon ne, ya zuba shi a cikin waƙar. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana ji ne daga kusan haz 20 zuwa haz 20,000, kuma na aiki nagari ƙoƙari yake ya ba kowane ɓangare haƙƙinsa ba tare da fifita wani ba. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin kaifin baƙaƙe irin su "s" da "ts" da "sh" a can sama yake, wajen da hedifon na banza ke binnewa. Wanda zai ɗauki karatun Alƙur'ani dole ya ji bambancin sinun da sadun sarai. Mu kuma nan Minna muna da ƙarin dalili, tunda Nufawa da Gwarawa ma suna kawo aiki. Idan ba ka jin yaren mutum, ba ka da abin dogaro sai tsabtar abin da kunnenka ya jiyo.

Sai maganar ƙarko. Bayan wata uku fatar robar da ke kan soson ta fara ɓarewa tana manne wa mutane a kunne, wayar kuma ta fara yankewa daga ciki, sai ka riƙe ta a wani lungu kafin kunnen hagu ya yi magana. Muka kai wa mai gyara, ya ce da gam aka manne shi, in an buɗe ya tashi daga aiki. To ku dubi waɗanda masu sana'ar a duniya suka daɗe da yarda da su. Kamfanin Sony ya fito da MDR-7506 a 1991, kuma har yau ana yin sa ana amfani da shi a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar fim. Kamfanin Beyerdynamic na garin Heilbronn a Jamus ya fito da DT 770 Pro a 1985. Sennheiser ya fito da HD 25 a 1988. Ba wai ba sa lalacewa ba ne, soson na Sony ma sananne ne wajen ɓarewa. Bambancin shi ne ana sayar da kayan gyaransu, in soso ya mutu ka cire ka sa sabo, jikin yana nan. Audio-Technica da suka sabunta M50 ɗinsu zuwa M50x a 2014, babban abin da suka canza shi ne wayar ta zama mai cirewa, domin waya ce ke fara mutuwa. A garin da ake zufa a watan Maris da Afrilu kamar an zuba wa mutum ruwa, ga ƙurar hunturu, abin da ba ya gyaruwa asarar kuɗi ne kawai.

Na uku shi ne daɗin sawa, wanda mu ba mu ma yi tunaninsa ba a shago. Mai sutudiyo yakan yi awa biyar ko shida abin yana kansa, cikin ɗakin da aka toshe tagoginsa da katifa, kuma dole a kashe fanka lokacin ɗauka. In hedifon yana matse kai, ko sosonsa yana zaune a kan kunne maimakon ya kewaye shi, kafin awa ɗaya mutum ya gaji, wanda ya gaji kuwa sauri yake ya gama. Soso mai laushi irin na yadin karammiski, kamar na yawancin DT 770, ya fi sauƙin zufa a kan na roba. Sannan a lura, akwai mai rufaffen baya, akwai mai buɗaɗɗen baya. Mawaƙin da ke gaban makirufo mai rufaffen baya yake buƙata, in ba haka ba kiɗan da yake ji zai tsiyaya ya shiga cikin muryarsa. Haka kuma a duba lambar om da ke jiki. DT 770 Pro yana zuwa da 32, da 80, da 250, kuma mai 250 ba zai yi ƙara sosai a waya ko ƙaramar kwamfuta ba sai da na'urar da za ta tura shi. Na Sony 63 ne, kusan komai yana iya ɗaukarsa.

Akwai kuma lafiyar kunnen kansa. Hedifon da ba ya fitar da murya sarai shi ke sa mutum ya yi ta ƙure ƙara don ya ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga babba, iyakar da ba ta da haɗari ita ce desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, mai sutudiyo kuwa ba shi da jarin da ya wuce kunnensa.

Na san abin da za a ce mini: kai ɗan mai hatsi, ka san kuɗinsu kuwa? Na sani. Na Sony wajen dala 100 yake a Amurka, kuma tun da aka saki naira a 2023 dala 100 ta haura naira dubu 100, ban da kuɗin kawowa. Yaron da ya ci bashi ya sayi kwamfuta ba zai ji wannan da sauƙi ba, ban kuma ce kowa sai ya sayi waɗannan sunaye ba. Amma a yi lissafi irin na kasuwa. Abokina ya sayi jabu sau uku cikin shekara guda, ya kuma rasa gidan Alhaji da duk bukukuwan danginsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. In kuɗin sabo bai samu ba, na gwanjo na asali da aka canza wa soso ya fi sabon jabu. In shi ma bai samu ba, a yi adashe, ai da shi iyayenmu da yawa suka tayar da jari a garin nan. Kafin nan kuma, duk aikin da aka gama a saurare shi a waya, da rediyon mota, da sifikar mai shayi, kafin a miƙa wa mai shi. Da mun yi haka da ba mu sha kunya ba.

In za ka saya, kada ka bari a gwada maka da waƙar mai shago. Je da muryar da ka sani kamar yunwar cikinka, ta mahaifinka ko ta alaramman da ka saba ji, ka ji ko ta fito yadda ka san ta. Sa shi a ka ya ɗan jima. Duba ko soson yana fita, ko da sukuru aka ɗaure shi. An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kamata ya kori gani.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan uwana masu shagunan kayan waya, waɗanda da yawansu namu ne. Sayar da mai araha ba laifi ba ne, kowa da ƙarfinsa. Laifin shi ne ka san jabu ne ka rantse ka ce orijina. Tun da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa nan wajen 1911 kakanninmu ke sauka a Minna, kuma abin da ya zaunar da su lafiya da masu gari shi ne amana a ciniki. Duk aikin da ya bar Minna ya tafi Kaduna ko Kano don an ce yaranmu ba su iya ba, abincin wani gida ne a cikinmu ya tafi.

Abokina dai yanzu yana zubi, saura kwasa biyu ta zo kansa. Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu halal mai albarka.

Naku, ɗan mai hatsi, daga Minna.