A Duba Lakwal Kafin Yara Su Shiga: Kira Ga 'Yan Kasuwar Rumbu Da Dakoro

 Kullum safiya muna sallamar yara su tafi lakwal, mu kuma mu kama hanyar kasuwa hankalinmu kwance, domin mun ɗauka cewa suna hannu nagari. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mu nawa ne a Rumbu da sauran ƙauyukan Dakoro muka taɓa shiga ajin da ɗanmu yake wuni, muka ɗaga kai muka dubi rufin, muka lura ko ƙofa nawa gare shi? Wanda zai sayi raƙumi sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, mai sayen buhun gero sai ta sa hannu har ƙasan buhu, amma ɗakin da muke zuba 'ya'yanmu a ciki mun bar shi ba mai dubawa.

Ba mu manta da ranar Litinin 8 ga watan Nuwamba na 2021 ba. A ranar ce wuta ta kama azuzuwan zana guda 3 a makarantar AFN da ke cikin birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 'yan shekara 5 zuwa 6 suka rasu, wasu suka ji munanan raunuka, aka yi zaman makoki na kwana 3 a jihar. Wata 7 kafin nan, ranar 13 ga Afrilu na 2021, irin wannan masifa ta auku a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai, inda azuzuwan zana 21 suka ƙone, yara ƙanana wajen 20 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Abin lura a nan shi ne, duka biyun cikin manyan birane suka faru, inda ake da 'yan kwana-kwana da asibiti a kusa, kuma duk da haka wutar ta riga kowa. To, ina ga ƙauyen da ke arewacin Dakoro, wanda ita kanta Dakoron tana nesa da Maraɗi da kilomita sama da 100?

Bayan gobarar Maraɗi gwamnatin wancan lokaci ta hana a riƙa sa yaran rainon ƙanana a cikin ajin zana a duk faɗin ƙasa, ta kuma yi alkawarin maye gurbin azuzuwan zana da na gini, waɗanda hukumomi da kansu suka ce sun kai kimanin 36,000. Magana ce mai kyau, kuma muna fatan duk mai riƙe da mulki ya ci gaba da ita. Sai dai kowane ɗan kasuwa ya san bambancin alkawari da kuɗi a hannu. Aji 36,000 ba aikin shekara ɗaya ba ne, ba na biyu ba, ga yara kuma suna ƙaruwa kowace shekara. Yaron da zai shiga aji a watan Oktoba mai zuwa ba zai iya jiran ranar da layi zai zo kan ƙauyensu ba. Saboda haka kafin babban gini ya iso, akwai ƙaramin aiki da ke gabanmu yanzu, wato duba kowace makaranta kafin a buɗe ta, da ajiye kuɗin gyaran gaggawa a inda hannu zai kai gare su cikin kwana biyu.

Mun san yadda ajin zana yake samuwa a wajenmu. Yara sun fi ɗakuna yawa, sai a jira a gama girbi a samu kara, iyaye su taru su kafa rumfa. Shi ya sa karatu a irin wannan aji yake fara a makare, kuma da hadarin farko ya taso sai a watse. Tsakanin waɗannan lokuta biyu kuwa hunturu ne da bazara, kara ya bushe ƙayau, iska tana kaɗawa. Idan aka jera rumfuna biyar jikin juna, kowace da ƙofa ɗaya 'yar ƙarama, yara 60 ko 70 a ciki zaune a ƙasa, to tartsatsi ɗaya ya isa. Babba yana iya kutsawa ta jikin zana ya fita, amma ɗan shekara 5 idan ya tsorata sai ya ruga wajen ƙofar da ya sani, ko kuwa ya maƙale a lungu.

Kada kuma mu ɗauka cewa ajin gini shi ke nan an tsira. Damanar 2024 ta nuna mana haka. Ambaliya ta kashe mutane kusan 400 a Nijar, jihar Maraɗi ce ta fi kowace asarar rayuka, azuzuwa da dama suka rushe ko suka lalace, wasu kuma aka sauke waɗanda gidajensu suka faɗi a cikinsu, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan. A Nijeriya ma, ranar 12 ga Yuli na 2024, benen makarantar Saints Academy ya rufta a Jos ana tsakiyar jarrabawa, mutane 22 suka rasu. A watan Fabrairu na 2025 kuma gobara ta ci almajirai 17 cikin dare a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara, wanda ke nuna cewa wannan magana ta shafi makarantun allo kamar yadda ta shafi na boko. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, mene ne dubawar da muke magana a kai? Ba sai an ɗauko injiniya daga Yamai ba. Mutum biyar sun isa: daraktan lakwal, da wakilin kwamitin kula da makaranta, da uwa ɗaya daga ƙungiyar iyaye mata, da magini ɗaya, da kafinta ko mai walda. Su zagaya aji-aji da littafi a hannu. A ajin gini su dubi bango ko ya tsage, su dubi gindinsa ko ruwa ya ci, su ƙwanƙwasa katakon rufi su ji ko gara ta cinye cikinsa, su lura da kwanon da ƙusa ta saki, domin kwanon da iska ta fizge wuƙa ce a sama. Su gwada ƙofa da tagogi ko suna buɗuwa ba tare da an yi kokawa da su ba. A ajin zana su tabbatar kowace rumfa tana da ƙofa biyu masu faɗi, ɗaya gaba ɗaya baya, an bar tazara mai yawa tsakanin rumfa da rumfa, an share ciyawa da yayi a kewaye, an ajiye duro cike da ruwa da tarin rairayi a kusa, sannan ba 'yan ƙanana aka sa a ciki ba. Daga nan su leƙa makewayi, domin daɓen salgar da ya tsage tarko ne, su ga ko akwai rijiya ko ramin da aka haƙi ƙasar gini aka bari a buɗe, su ga randar ruwan sha ko tana da murfi.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wajen mutanen wannan yanki. Duk shekara bayan damina, a yankin makiyaya na Dakoro da Bermo, ana share dogayen hanyoyi a cikin daji don tare gobara, saboda kada ciyawar dabbobi ta ƙone. Idan mun san mu share wa ciyawa hanyar tare wuta, ai bai kamata a ce rumfar da ke ɗauke da 'ya'yanmu ba ta samu ko taku goma na share ba. Haka nan babu manomin da zai zuba damman gero a rumbu bai fara duba gindinsa da jinkarsa ba.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko dala: a koya wa yara fita. Sau ɗaya a wata mushe ya busa usur, yara su tashi su fita ta ƙofa biyu a jere, su taru a gindin itace guda da aka nuna musu, a ƙirga su. Ranar da abu ya faru, Allah Ya kiyaye, ƙafa za ta bi hanyar da ta saba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce tamu. Dubawa ba tare da kuɗin gyara ba ɓata takarda ce kawai. Abin da ya saba faruwa shi ne, darakta ya rubuta wa sufeton makarantu, sufeto ya tura gaba, takarda ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis, kafin amsa ta dawo tsagar da buhun siminti biyu za su toshe ta zama bangon da sai an rushe an sake. Kowane mai shago ya san wannan lissafi: kwano ɗaya da ba a canza ba shi ke jiƙa buhun sukari goma. Don haka muna ganin kuɗin gyaran gaggawa su fito ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce komin. Tun 2016 gwamnati ta miƙa wa kominoni nauyin gina makarantun firamare da kula da su. Kuɗin tikitin da ake karɓa a hannunmu kowace ranar kasuwa, na rumfa da na dabbobi, asusun komin suke shiga, saboda haka muna da bakin magana. A watan Afrilu na 2024 an rusa majalisun kominoni, aka naɗa jami'an riƙo a madadin magadan gari, amma nauyin yana nan a kan kujerar, ko wane ne yake zaune a kai. Shugabannin 'yan kasuwa, da sarkin pawa, da dillalan dabbobi, da shugabar mata su je tare, cikin ladabi, su nemi a ware wani kaso a kasafin kuɗin komin da sunan gyaran gaggawa na makarantu, kuma a liƙa takardar abin da aka kashe a inda kowa zai gani.

Hanya ta biyu tamu ce. Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin kula da ita, wanda da ake kira COGES, yanzu kuma CGDES, tare da ƙungiyar iyaye da ta iyaye mata. Nan ya dace a buɗe asusun gyara. Mu ɗauki misali: idan mutum 200 a kasuwa guda suka ba da dala ashirin-ashirin kowane mako, an tara jika 20 ke nan, a mako 30 kuma jika 600. Wannan ba zai gina sabon aji ba, amma zai sayi ƙusa da kwano da siminti da duro, ya biya magini. Yadda za a tsare kuɗin kuwa, a tambayi iyayenmu mata. Tsarin asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi a 1991, har ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, kuma sirrinsa shi ne akwati yana hannun ɗaya, mabuɗai suna hannun wasu, ƙirga kuɗi kuma a gaban kowa ake yi. A bi wannan tsari, a kuma rubuta tun farko cewa ba a taɓa kuɗin don walima, ko tarbar baƙi, ko rance, sai don abin da ke iya raunata yaro.

Mun san wani zai ce, ai wannan aikin gwamnati ne, mun biya haraji, don me za a sake tatsarmu ga kasuwa ba ciniki? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a sauke wa gwamnati nauyinta ba. Gina aji, da ɗaukar malamai, da biyansu, duk nata ne, kuma za mu ci gaba da tuna mata. Amma wanda ya sa dalarsa a cikin aiki ya fi ƙarfin murya a gaban hukuma, domin zai je da littafi yana cewa ga abin da muka gani, ga abin da muka gyara, ga wanda ya fi ƙarfinmu. Kuma ko wa ke da laifi, idan rufi ya faɗo ɗan da ke ƙarƙashinsa namu ne. Wani kuma zai ce ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma ba mu taɓa ganin ɗan kasuwar da ya bar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya kwanta saboda ya yarda da ita ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Iyayenmu mata masu tuyar ƙosai da awara da masu dafa-duka a bakin lakwal, sana'arku halal ce kuma yara na amfana da ita, amma murhu da kaskon mai a jikin zana haɗari ne. A ja baya nesa da azuzuwa, a lura da inda iska take kaɗawa, a kashe garwashi da ruwa kafin a tashi. Masu shayi da masu tsire haka, masu sayar da fetur a kwalba kuwa bai kamata a gan su kusa da makaranta ba sam. Masu tara kara da harawa a jikin dangar makaranta su ma su kwashe. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin wuta: babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwarta a 2012, ta Sabon Gari a Kano a 2016. Waɗanda suka yi asara a can da yawansu sun sake tara jari sun koma rumfa. Iyayen yaran Maraɗi kuwa babu jarin da zai mayar musu da abin da suka rasa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin wannan aiki shi ne watan Satumba, kafin a buɗe makarantu, sannan a sake zagayawa bayan an kafa rumfunan kara, a kuma yi na uku kafin faɗuwar damina. Idan an ga ajin da ke da haɗari, a fitar da yara ranar, ko da a gindin itace za su yi karatu, har a gyara. Muna kira ga shugabannin kasuwannin Rumbu da Dakoro su sa wannan magana a taronsu na gaba, su zaɓi mutanen da za su je su ga daraktan lakwal mafi kusa da su, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.