Wasiƙa Daga Aziziyya: A Ɗauki Ɗan Wasan Da Aka Sallama Ko Kuwa?

Mu dai alhamdu lillahi, sai zafi, wanda shi ba baƙonmu ba ne. Unguwarmu ta Aziziyya ta ɗan yi shiru tun da alhazai suka watse, manyan gidajen nan da ake cika su lokacin aikin Hajji duk an rufe tagoginsu, sai mu mazauna da ɗaliban Jami'ar Ummul Ƙura muke ta kai-komo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wayar da muka yi da Yaya a daren Juma'ar da ta wuce. Yawancinku kun san ɗansa na biyu, yaron nan da tun yana firamare ba ya rabuwa da ƙwallo. To, ya je gwaji wata ƙungiya, ya yi mako uku yana atisaye da su, har an fara yi masa maganar kwantiragi, sai kwatsam aka ce ya yi haƙuri, sun ɗauki wani babba da ya dawo daga ƙasar waje bayan ƙungiyarsa ta can ta sallame shi. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, kuma ba Kano Pillars ba ce, kada wani ya yi mini fassara. Yaya ya yi fushi ƙwarai. Ya ce mini tun da Ahmed Musa ya buɗe wannan ƙofa, duk wanda aka kora a waje sai ya dawo gida ya zauna a kan kujerar yara. Ya ce in da shi ke da iko, da ya kafa doka kada wata ƙungiya ta sake ɗaukar korarre.

A wayar ban iya ba shi amsa ba, don ba a jayayya da babba yana cikin ɓacin rai. Amma na kwana da maganar, kuma ga abin da na gani. Yaya, ka yi mini afuwa, a wannan karon ban bi bayanka gaba ɗaya ba.

Mu fara da ita kanta kalmar sallama. Mu da muke zaman aiki a ƙasar nan mun san ta fiye da kowa. Mutum yana aikinsa lafiya lau, sai kafili ya ce ba zai sabunta masa igama ba. Wani lokaci laifinsa ne, wani lokaci kuwa kasuwa ce ta faɗi, ko an sami wanda zai karɓi albashin da bai kai nasa ba. Ni kaina an taɓa yi mini haka a wani wurin da na yi shekara huɗu, kuma da wanda ya ɗauke ni daga baya ya tsaya a kan cewa ai korarre ne, da yanzu ina gida. Shi abin da ya yi shi ne ya tambayi dalili, ya gwada ni wata guda, sannan ya yanke shawara. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma sai an ɗanɗana ake sanin ko ya yi tsamin.

Haka abin yake a harkar wasa ko'ina a duniya. A Amurka, a ƙwallonsu ɗin nan ta hular kwano da ture-ture, ƙungiyoyi 32 ne a babbar gasarsu, kuma duk ƙarshen watan Agusta dole kowacce ta rage 'yan wasanta daga 90 zuwa 53. Ku lissafa, sama da mutum dubu ke nan ake sallama a 'yan kwanaki. Cikinsu har da ƙarfafan nan masu tsayawa bayan sahun farko suna kayar da mai gudu da ƙwallo. Washegari sai ka ji wata ƙungiyar ta ɗauki wanda maƙwabciyarta ta saki, babu wanda yake ganin abin kunya ne. Abin da suke dubawa shi ne lafiyar gwiwarsa, kuɗin da zai ci, da ko akwai gurbin da zai cike.

Yanzu mu dawo kan Ahmed Musa, tun da shi Yaya ya kama. Abin da mutane suke mantawa shi ne shi ma a Pillars ya fara yin suna yana yaro. A kakar 2009/2010, yana ɗan shekara 17, ya ci ƙwallo 18 a gasar Najeriya, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa cin haka a kaka ɗaya. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, sai CSKA Moscow ta Rasha a 2012, sai Leicester ta Ingila a 2016. Ya ci Ajantina biyu a Kofin Duniya na 2014, ya ci Iceland biyu a na 2018. A shekarar 2018 ɗin ya zo nan Saudiyya, ƙungiyar Al-Nassr ta Riyad, kuma da shi suka ci gasar ƙasar a kakar farko. Ina tuna yadda Larabawan da muke aiki tare suke tare ni da "Musa, Musa" duk ranar da ya yi abin kirki, kamar ƙanena ne. Daga baya ƙwallayensa suka yi ƙaranci, a watan Oktoba na 2020 suka raba gari.

Ya yi kusan wata shida ba shi da ƙungiya. An yi ta maganar West Brom ta Ingila a farkon 2021, abin bai yiwu ba. A watan Afrilu na 2021 sai ga shi a Kano Pillars, yana kyaftin ɗin Super Eagles. Kun tuna murnar da aka yi. A lokacin ma Pillars a Kaduna take wasanninta na gida, amma labarin ya cika ko'ina, har jaridun waje suka ɗauka.

To a nan ne zan ba Yaya gaskiyarsa. Wannan zuwa na farko ya fi amfanar Musa fiye da Pillars. Ya zo ne ya motsa jiki kafin a buɗe kasuwar Turai, kowa ya san haka, shi ma bai ɓoye ba. Wata uku kacal, a Yulin 2021, ya tafi Fatih Karagumruk ta Turkiyya. Kofin shekarar Akwa United ce ta ɗauka. Shekara ɗaya bayan nan, a 2022, ƙungiyar da ta ci gasar Najeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukunin 'yan dagaji, bayan rikicin magoya baya a wasansu da Katsina United ya jawo aka hukunta ta aka mayar da wasanninta Abuja. Ba Musa ne ya jefa ta ba, ya riga ya tafi. Amma abin ya nuna cewa sunan mutum ɗaya ba ya toshe ɓarakar da ke cikin gida. Wanda ya zo wucewa baƙo ne, ana yi masa shimfiɗa, ba a ba shi ɗakin ɗan gida.

Zuwa na biyu daban ne. Bayan Pillars ta dawo babbar gasa a 2023, shi kuma ya rabu da Sivasspor ta Turkiyya a 2024, sai ya dawo a Oktoban 2024, yana gab da cika shekara 32. Wasansa na farko da Sunshine Stars, shi ya ci ƙwallo biyun da aka tashi da su. Shehu Abdullahi, wanda shi ma tsohon ɗan Pillars ne da ya yi yawon Turai, ya dawo a lokacin. A wannan karon Musa ya zauna, ya bi mota zuwa wasannin waje a kan hanyoyinmu da kuka san halinsu, ya buga a filayen da ba su kama ƙafar waɗanda ya saba da su ba. Yaron da yake atisaye kullum da mutumin da ya buga wa Najeriya wasa sama da 100, fiye da kowa a tarihinta, yana koyon abin da babu kociyan da zai koya masa da baki: lokacin barci, abin da ake ci, yadda ake magana da alƙalin wasa, yadda ake karanta takarda kafin a sa hannu. Tsohuwar zuma da ita ake magani. Mutum ɗaya ne, ƙungiya ɗaya ce, sau biyu kuma duk a sallame ya zo, amma amfanin bai zama ɗaya ba. Ke nan ba sallamar ce abin dubawa ba, niyyar zama ce da sauran ƙarfi a ƙafa.

Mu a nan mun ga irin wannan da idonmu. Al-Nassr ɗin da ta rabu da Musa, ita ce a ƙarshen Disambar 2022 ta ɗauki Cristiano Ronaldo, makonni kaɗan bayan Manchester United ta soke kwantiraginsa, yana ɗan shekara 37. A kakar 2023/2024 ya ci ƙwallo 35, ya kafa tarihi a gasar Saudiyya. Amma kofin gasar a 2023 Al-Ittihad ta Jidda ce ta ɗauka, a 2024 Al-Hilal, a 2025 Al-Ittihad ta sake. Ƙungiyarmu ta nan Makka kuwa, Al-Wahda, ta ɗauki Odion Ighalo a 2023 bayan zamansa a Al-Hilal ya ƙare, mutumin da ya fi kowa cin ƙwallo a ƙasar nan a kakar 2021/2022. Ya yi musu aiki, mu 'yan Najeriya har filin Sarki Abdul'aziz da ke Shara'i muke zuwa saboda shi. Duk da haka a 2025 Al-Wahda ta faɗi daga babbar gasa. Ban ce sun yi kuskuren ɗaukarsa ba. Kuskuren shi ne a ɗauka cewa in an sami babban suna a gaba, an gama da matsalar baya da ta tsakiya da ta ofis. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka in aka tambaye ni ko ƙungiya ta ɗauki wanda aka sallama, zan ce ta ɗauka, amma ta yi abin da mai gidana na yanzu ya yi mini. Ta binciki dalilin sallamar daga bakin waɗanda suka zauna da shi, ba daga bakin dillalinsa ba, don in rashin ɗa'a ne ko gudun atisaye, to zai zo da shi a jakarsa. Ta sa likita ya duba gwiwa da idon sawu kafin a kira 'yan jarida. Ta sa shi ya yi gwaji tare da yaran, a fili ɗaya, a rana ɗaya, wanda ya fi ya shiga. Kwantiragin ya zama na kaka cikakkiya, ba na wata uku ba. Sannan, wanda ya fi duka muhimmanci a wurinmu, kada a biya shi da albashin mutum goma alhali sauran suna bin bashin watanni. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, kuɗin jama'a ne, bai kamata a kashe su don hoton rana ɗaya ba.

Akwai inda ni ma nake da ja. A Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa janar manajan Pillars alhali bai rataye takalminsa ba. Ina girmama shi, kuma kowa ya san alherinsa ga jama'a, amma ina tausaya wa duk kociyan da zai ce wa mai gidansa yau benci za ka zauna. Ko a shago ba a haɗa mai saye da mai ƙirga kuɗi a jikin mutum ɗaya. Wannan ra'ayina ne, Allah Ya sa in zama ni ne ban gane ba.

Shi kuwa ɗanmu, abin da ya dame ni a labarinsa ba ɗaukar babban ba ne. Abin da ya dame ni shi ne, a yadda Yaya ya faɗa mini, ba a haɗa su a fili ko sau ɗaya ba. Mutumin ya sauka daga jirgi aka miƙa masa riga. In haka ne, an zalunci yaron, kuma ƙungiyar ta cuci kanta, don ba ta san abin da ta saya ba, ba ta kuma san abin da ta saki ba. Da an gwada su ya fi shi, da sai mu ce ya ƙara himma. Dokar da ya kamata Yaya ya nema ita ce ta gwaji, ba ta hana ɗaukar korarru ba. Ka tuna Yaya, daga ranar da suka ce ya yi haƙuri, ɗanka ma ya shiga sahun waɗanda aka sallama. In aka kafa dokarka, shi za ta fara ci.

Kai kuma ɗana, na san za a karanta maka wannan ko ka karanta da kanka. Kada ka zauna a gida kana jiran waya. Ka koma ƙungiyarku ta unguwa ka ci gaba da atisaye da asuba, don wanda zai neme ka ba zai ba ka wata guda ka shirya ba. Kada ka ba kowa kuɗi don ya kai ka gwaji, nan Makka akwai samari da aka kawo da irin wannan alkawari, yanzu suna ɓuya babu takarda. Kuma takardar makarantar nan da ka ajiye saura shekara ɗaya, ka koma ka ƙarasa ta, ƙafa ba ta da tabbas. Takalmin da ka ce in duba maka na gani a wani shago a babban titin Aziziyya, lamba 43 ko? Ka tabbatar mini, in ba wani mai Umara ya taho maka da shi.

A gaida Hajiya, a ce mata ina yi mata addu'a duk lokacin da na shiga Harami. A gaida Kawu da mutanen majalisar ƙofar gida, na san su ma ba za su rasa ta cewa a kan wannan magana ba, ina jiran martaninsu. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Wassalam. Naku har kullum,
ɗan uwanku na Aziziyya, Makka.