Motar Baba Ba Ta Sikeli Ba Ce

Mako uku da suka wuce, a shirina na safe, na yi gangancin ba da labarin maƙwabcina. Dattijo ne da ya haura shekara 70, tsohon direba kuma bakanike, wanda ya shafe shekara uku yana kwance wata tsohuwar mota yana sake haɗa ta a tsakar gidansa a nan Damagaram. Na kawo labarin ne don a ɗan sha iska kafin labaran duniya. Ina buɗe layi sai waya ta ɓarke. Na farko ya ce a duba lafiyar tsohon. Na biyu ya ce almubazzaranci ne, da tumaki ya saya da kuɗin da yanzu sun cika garke. Na uku, wanda ya fi ƙona mini rai, ya ce in yi masa kwatancen gidan, shi ɗan gwangwan ne, zai zo da sikelinsa ya raba tsoho da wahala. Har abokin aikina mai kula da na'ura sai da ya kife don dariya.

Aikin rediyo ya ɗaure mini baki a ranar, domin an koya mana cewa mai gabatarwa ba ya kokawa da mai sauraro. Na ce mun gode, na saka kiɗa. A nan kuwa babu mai ɗaga mini hannu ta bayan gilashi cewa lokaci ya ƙare, saboda haka zan ba su amsa.

Da farko, masu dariyar ba su san abin da suke yi wa dariya ba. Sun ji an ce Peugeot 504 sai suka hango tsohuwar tasi mai ɗaure da igiya, an loda mata buhunan gero da fasinja tara. Ta Baba ƙanwarta ce mai ƙofa biyu, wadda ake kira 504 Coupé, ƙirar 1973. Kamfanin Peugeot ya fitar da 504 a 1968, a shekarar da ta biyo baya ya nuna wannan mai ƙofa biyun a bajekolin motoci na Janeba. Kamfanin Pininfarina na Italiya, wanda ya yi suna wajen zana jikin Ferrari, shi ya zana ta kuma ya ƙera jikinta. Ta fi yayarta gajarta da ƙasa-ƙasa, tana da fitilu huɗu a gaba da fitilu uku-uku a karkace a baya. An ƙera 504 sama da miliyan 3, amma masu ƙofa biyun, har da waɗanda ake naɗe rufinsu, ba su kai 40,000 ba kafin a daina yin su a 1983.

Kuma sunanta a ƙasar Afirka ta yi shi. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da 504 Coupé, ya kuma ci na Bandama a Kodebuwa a wannan shekarar da irinta. Tasa mai silinda shida ce, ta Baba huɗu gare ta, kada a ce na yi ƙari. Amma jinin ɗaya ne. Yadda ta iso nan ma tarihinmu ne. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsofaffin Peugeot su keto Sahara ta Tamanrasset, su shigo ta Assamaka da Arlit zuwa Agadez, su sayar su hau jirgi su koma gida. Wannan ta shigo a haka, ta yi hannu biyu ko uku, ta mutu a bayan wani gida inda awaki suka mayar da ita ɗakin kwana har Baba ya gan ta.

Ni abin da ya fara jan hankalina gwangwanaye ne. Ranar da na fara shiga na tarar da gwangwanayen tumatir da na madara a jere a gindin bango, sun fi ɗari, kowanne da takarda manne da rubutun ajami. Wannan notinan ƙofar dama ne, wancan na birkin baya, wancan na murfin inji. Kafin ya kwance komai sai jikansa ya ɗauki hoto da waya. Na ce, "Baba, duk wannan na mene ne?" Ya ce, "Ɗana, kwancewa ko biri ya iya. Ranar haɗawa ake sanin wanda ya kwance da hankali."

Daga baya na ga abin da yake nufi. Silindar wannan injin riguna ne na ƙarfe da ake zarewa a saka sababbi, kuma dole kowace ta ɗan ɗara bakin injin da abin da bai kai kaurin takarda ba. In aka yi sake, ruwa ya haɗu da baƙin mai, aikin wata guda ya tashi a banza. Notinan kan inji ba a ɗaure su yadda aka ga dama, daga tsakiya ake farawa a yi waje, da ƙarfi daidai wa daida. Ya zubar da duk bututun birki ya sa sababbi, ko da wasu suna da kyan gani, domin a cewarsa robar da ta sha ranar shekara 50 maƙaryaciya ce. Tankin mai ya wanke shi har sau uku. Ƙofa guda ta cinye masa kwana huɗu kafin ta rufu da yatsa ɗaya. Abin da ya taimake shi shi ne bushewar ƙasarmu. A Turai tsatsa ce ke cinye irin wannan mota, da damshi da gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. A nan ƙarfen ya tsira, rana kuma ta gasa roba da wayoyi da kujeru.

To, ku zo mu yi maganar asarar kuɗi. Ba zan ce ba a kashe ba, an kashe. Uwargidansa ta yi ƙorafi fiye da sau ɗaya cewa an mayar mata da wurin shanya gareji, kuma ita tana da haƙƙin yin ƙorafin, tunda gidanta ne kuma tukunyarta ce. Duk magidancin da ya bar iyalinsa da yunwa ya je yana shafa wa ƙarfe fenti, ni ne farkon wanda zai tsine wa aikinsa. Amma Baba ya aurar da ƴaƴansa, rumbunsa da hatsi, kuɗin gumin hannunsa yake kashewa kaɗan-kaɗan. Mai kiran waya da ya yi masa lissafin tumaki, ban taɓa jin ya kira ya yi wa mai canza wayar hannu duk shekara lissafi ba. Wanda ya ciyar da doki wata goma sha biyu don hawan Salla na yini biyu, yabonsa muke yi, kuma ya cancanta. Wanda ya ci bashi ya yi bikin da za a manta bayan mako guda, cewa muke ya fita kunya. Sai tsohon da ya zauna a gidansa da sifana a hannu, shi ne mahaukaci?

Kuma ba shi kaɗai yake zaune ba. Yara uku na unguwa suna zuwa wurinsa bayan la'asar. Ɗayansu yana koyon aiki a wani gareji da safe, ya faɗa mini cewa a shekara biyu bai taɓa ganin an buɗe cikin inji ba sai a gidan Baba. A garejin nasu, in inji ya buga sai a sauke shi a sayo wani na Kwatano a ɗora. In giya ta yi ƙara a sayo wata. Ba na zargin masu garejin, motocin yanzu kwamfuta ke tafiyar da su, mai mota kuma yana sauri. Sai dai gaskiya ɗaya ce: muna yaye masu canji muna kiransu masu gyara. Iyayenmu da suka riƙe 404 da 504 a kan titunan da babu kwalta, suna iya sauraron inji su ce buji na uku ne ba ya kamawa, ko fulogi kamar yadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa. Wannan kunnen ba a gadonsa, a jikin inji ake koyonsa. Masu shi kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda motocin ke ƙarewa.

Wannan ya kawo ni kan mai sikeli. Ba na raina sana'arsa, da ita yake ci da iyali, kuma ba don irinsu ba da garuruwanmu sun cika da tarkace. Wanda ya san Katako a Yamai ya san hikimar da ke hannun masu sarrafa tsohon ƙarfe. Amma sikeli makaho ne. A wurinsa kilon ƙofar da aka ƙera a Italiya da kilon tsohuwar garwa duk ɗaya ne. Kan injin alminiyam ne, a yini guda za a narke shi ya zama tukwane. Kayan cikin injin Baba ya samo su ba wuya, wasu a nan wasu a Ƙofar Ruwa ta Kano, domin kusan iri ɗaya ne da na mai ƙofa huɗu da aka yi ta haɗawa a Kaduna tun 1975 har cikin shekarun 2000. Amma fitilar baya da gilashi da ƙofa nata ne ita kaɗai. Wanda aka sare da gatari ya tafi ke nan.

Mu mutane ne masu ban mamaki. Itaciyar Tenere da wani direban babbar mota ya banke a 1973, an ɗauko gawarta an kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai an gina mata rumfa, kuma daidai ne. Motocin da suka kai iyayenmu asibiti da kasuwa da ɗaurin aure na tsawon shekara 40 kuwa, ba wanda ya ce a ajiye ko ɗaya. Faransawa suna da gidan tarihin Peugeot a Sochaux tun 1988, kuma a dokarsu motar da ta cika shekara 30 tana iya samun takardar kayan tarihi. Mu a nan shekara 30 ita ce shekarar gatari. Rannan wani dillali ya zo gidan Baba ya zagaya motar sau biyu, ya ce yana da mai saye a waje. Ashe dai akwai wanda ya san darajarta. In ta tafi, gobe ƴaƴan masu dariyar nan za su gan ta a intanet tana sheƙi a ƙasar wasu, su ce kai, Bature ya iya adana kaya.

Akwai kuma wasu masu suka ta ɗaya gefen, ƴan boko irina da suka karanta mujallun Turai. Su cewa suke Baba ya ɓata motar domin ya sa mata kafireta. Gaskiya ne asalinta da famfon fesa mai na Kugelfischer ta zo, na'urar Jamus mai aiki ba da kwamfuta ba, kuma saita shi sai gwani da kayan awo. Baba bai samu gwanin ba. Ya cire famfon ya wanke, ya naɗe shi a tsumma mai mai, ya sa a akwati ƙarƙashin gadonsa, ya ɗora kafiretar mai ƙofa huɗu ba tare da ya yanka ko ya huda komai ba. Kujerun ma wani baduku ne ya ɗinka su da jar fatar akuya ta Maraɗi. Ya ce mini, "Duk abin da na sauya, na bar wa na bayana hanyar mayarwa." Wanda yake ganin wannan laifi ne, ya sayo tikiti ya kawo mana gwanin.

Abu guda na yarda da masu suka a kai, kuma na faɗa wa Baba a gaban idonsa: wannan mota ba ta hanyar Damagaram zuwa Maraɗi ba ce kullum. Ba ta da jakar iska, ba ta da birkin zamani mai hana taya cijewa, kuma mai shekara 70 ba Nicolas ba ne. Ya yi dariya ya ce iyakarsa Mirriya ranar kasuwa, ya sayo rake ya dawo.

Har yanzu injin bai tashi ba. Wayarin ya rage, kuma yana jiran robar gilashin gaba da wani ɗan unguwa mai karatu a Faransa ya yi alkawarin zai riƙo masa in ya zo hutu. Gwangwanayen da ke gindin bango sun ragu zuwa goma sha. Na riga na roƙe shi kada ya murɗa makulli sai ina wurin da rakodata. Zan saka ƙarar a shirin safe, minti guda cur ba tare da na ce uffan ba, sannan in buɗe layi. Lambar mai sikeli tana nan a littafin kira, in bai bugo ba ni zan neme shi.