Martani: Koya wa Yaro Kyauta Ba Tauye Haƙƙi Ba Ne

Na karanta maƙalar da wani marubuci ya wallafa, inda ya ce sa yaro ya gutsura wa ƙaninsa abin da ke hannunsa tauye masa haƙƙi ne, wai a bar shi sai ya ga dama. Malam, ban yarda ba.

Yaron da aka bari sai ya ga dama, rowa yake koya. Iyayenmu da suka haɗa yara a kwano ɗaya sun san abin da suke yi. A nan babba ke koyon rage wa ƙarami, ƙarami kuma ya jira babba ya raba nama. Yarinyar da ake aika da kunu maƙwabta a watan azumi, da yaron da ke kai naman layya gida-gida, da ƙafarsu suke sanin dangi. Su ne gobe za su riƙe ciyayya a ƙofar gida.

Gaskiya ne, fizge abu daga hannun yaro kuskure ne. Amma maganinsa lallashi ne da nuna misali, ba sakin tarbiyya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyaye, ku saba wa 'ya'yanku da bayarwa tun suna ƙanana, domin zumunci ya ɗore.