Kafin ku ce Mushe rago ne

Duk inda iyayen yara suka haɗu a Tahoua, a bakin masallaci bayan la'asar ne, a fadar shayi ne ko a wurin suna, da zarar hira ta zo kan lakwal magana ɗaya ce: malaman yanzu ba su da kishi, raggaye ne, ƙarshen wata kawai suke jira. Na ji wannan magana har kunnena ya gaji. Ina so in gaya wa masu yin ta, da girmamawa, yawancinku ba ku gane abin da kuke kallo ba. Akwai raggaye cikin malamai kamar yadda ake samunsu a kowace sana'a, amma rago tun ranar farko ake gane shi. Wanda nake magana a kansa shi ne malamin da kuka yaba shekara uku da suka wuce, mai zuwa kafin a buga ƙararrawa, mai biyo yaro har gida idan ya yi fashi, wanda yau sai ya rubuta darasi a allo ya koma ya zauna yana latsa waya. Mutum ba ya canzawa haka siddan.

Abin yana da suna, kuma an daɗe ana nazarinsa. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, Herbert Freudenberger, ya lura da masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta: waɗanda suka fi kowa ƙwazo su ne suke komawa kamar fitilar da manta ya ƙare. Kalmar da ya ba wannan hali tana nufin ƙonewa ƙurmus. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar da jerin tambayoyi 22 na auna shi, daga baya aka yi wanda ya keɓanta ga malaman makaranta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta a matsayin matsalar da aiki yake haifarwa idan matsi ya daɗe ba a magance shi ba, ta kuma ambaci alamu uku.

Ta farko ita ce gajiyar da barci ba ya fitarwa. Kowa yana gajiya a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura maki 40 a Adar. Wannan dabam ce: malami ya huta Asabar da Lahadi, ya wayi gari Litinin kamar ya kwana dakan gero. Ciwon kai, rashin barci, yawan neman izinin zuwa likita. Ta biyu ita ce ta fi ba ni tsoro, domin yara ne suke shan wahalarta, wato zuciya ta janye daga aikin. Malamin da ya san sunan kowane yaro da sunan ubansa ya koma cewa "waɗannan jakunan". Tsawa ta yawaita, bulala ta fito kan laifin da a da murmushi yake yi masa. Ta uku, ya daina yarda cewa aikinsa yana da amfani. Za ka ji yana cewa ko ya koyar ko bai koyar ba duka ɗaya ne, ai yaran da sun tasa bida za su tafi. Daga nan sai shirin darasi ya zama kwafin na bara, littattafan yara su yi mako biyu ba a gyara ba.

Na ga wannan da idona a wani ƙauye da ke arewa da Tahoua, inda na taɓa riƙe alli. Abokin aikina yana riƙe da CM1 da CM2 a haɗe cikin rumfar zana. Shekarar farko shi ya sayi fitila da kuɗinsa yana koyar da yara da dare. Shekara ta huɗu ya daina cin abinci tare da mu, ya daina dariya, ranar kasuwa ba ya fita daga ɗaki. Dukanmu mun gani, har ni, ba wanda ya ce masa uffan. Bayan hutun ƙarshen Disamba bai dawo ba, sai labari muka ji ya bi motar Agadez ya nufi Libiya. Mutanen gari suka ce dama ba mutumin kirki ba ne. Yaran nan suka kai watan Yuni ana yi musu kame-kame.

Ku dubi abin da muke ɗora wa malami, sannan ku yi hukunci. Tun ƙarshen shekarun 1990 Nijar ta dogara ga malaman sa-kai da na kwantiragi domin faɗaɗa makarantu, har suka zama su ne mafi yawa a firamare. Kuɗin da ake ba su bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba, kuma jinkirin biyansa ya jawo yajin aiki sau da dama. A tura matashi ƙauye nesa da iyalinsa, ba ɗakin kwana sai wanda maigari ya ara masa. Ajin zana ba a gina shi sai an gama girbi, iska tana shiga da ƙura, kuma tun gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilun 2021 da ta Maraɗi cikin Nuwamban wannan shekara, inda yara da dama suka rasu, duk mai koyarwa a rumfa yana koyarwa da fargaba. Wanda aka tura can arewa kuwa yana da wata fargabar, tun kisan da aka yi a ƙauyukan Tillia ranar 21 ga Maris 2021, wanda ya ci rayuka 137. Sannan ga halin Adar da muka sani: iyaye maza da yawa suna Abijan ko Libiya ko Najeriya, tarbiyyar da ta kamata a raba tsakanin gida da lakwal ta faɗo kan Mushe shi kaɗai.

A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantiragi jarrabawa, aka ce kusan kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai suka sami matsakaicin maki, aka sallami dubbai. Ban musanta cewa akwai waɗanda ba su cancanci riƙe aji ba. Amma hukumar da ta iya tara malamai dubbai ta auna lissafinsu da Faransancinsu, me ya hana ta tambaye su ko suna barci? Mai duba malamai ya zo, ya buɗe takardar shirin darasi, ya duba rajista, ya sa hannu ya tafi. Malamin da ya ƙone ya fi kowa iya gyara takardunsa ranar da ya san za a zo.

Auna wannan abu ba ya buƙatar na'ura. Darakta ya kwatanta malami da yadda shi kansa yake bara, ya dubi ranakun da yake fashi, ya saurari yadda yake kiran yara. Ya kira shi gefe, ba a gaban jama'a ba, ya tambaye shi: sau nawa a mako kake tashi kana jin ba za ka iya shiga aji ba? Yaushe rabon da wani yaro ya faranta maka rai? Hutu yana dawo maka da ƙarfi? Idan amsar ita ce kusan kullum, an daɗe, a'a, kuma abin ya ɗauki watanni, to akwai matsala. Taron CAPED, inda malamai suke haɗuwa don ƙara wa juna sani, zai iya ware rabin awa ga wannan. Ƙungiyoyin malamai ma, da suka ƙware wajen kiran yajin aiki kan kuɗi, ban ga dalilin da zai sa su yi shiru a kai ba.

Ku kuma ƴan uwana malamai, ban zo in wanke ku tas ba. Gajiyarka ba ta halatta maka zane ɗan shekara bakwai ba, kuma ba kowane lattin zuwa ne za a kira ƙonewa ba. Amma ɓoye abin da sunan haƙuri, ko tsoron kada a ce ka taɓu, shi yake kai mutum inda abokina ya kai. Ka fara zuwa likita, domin ƙarancin jini, ciwon suga da hawan jini duk suna kawo irin wannan kasala. Idan kuma duhun ya bi ka har gida, abinci ba daɗi, iyali ba daɗi, har kana jin gara mutuwa, wannan ya wuce gajiyar aiki, ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Kada ka jira hutun damina.

Iyaye, kwamitocin kula da makarantu da ake kira CGDES a jiharmu ta Tahoua suka yi ƙarfi tun 2004, da aikin "Makaranta don kowa" da Japan ta tallafa, kafin a yaɗa tsarin ko'ina cikin ƙasa. Kwamitocin nan sun gina azuzuwa, sun sayi tabarmi da alli. A babban taro mai zuwa, bayan lissafin zana da kara, wani uba ya tashi ya tambaya: ina Mushe yake kwana, wa yake kawo masa ruwa, yara nawa ne a gabansa, kuma wata nawa rabonsa da ganin iyalinsa?