Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ɗaukar Hoto Don Sha'awa

Ya ku 'yan'uwana masu riƙe da kyamara ko wayar hannu, waɗanda ba neman abinci ne ya kai ku ga ɗaukar hoto ba face sha'awa da son adana abin da ido ya gani,

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, hotunanku da ke zuwa gabana, na kyanwar gida da ragon layya da hadarin damina da fitilun kasuwar dare da garuruwan da kuka ziyarta, sun tabbatar mini cewa Allah Ya ba da yawanku basirar da bai kamata a bar ta ta tozarta ba, sai dai kuma sun nuna mini cewa gaggawa ta cinye rabin basirar nan, domin akasarinku kun ɗauka aibin hotonku daga arahar na'ura yake, alhali kuwa daga rashin jira yake, da jahiltar halin haske, da ƙarancin ladabi ga abin da ake ɗauka.

Ku sani, Allah Ya yi muku albarka, asalin wannan fanni duka haske ne, kuma malami ne daga cikin malaman Musulunci ya warware mas'alarsa. Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 Miladiyya, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya tabbatar a cikin Kitabul Manazir cewa ba ido ne ke fitar da haske ya je ya taɓo abu ba, yadda wasu hukama'un Yunan suka zata, haske ne ke tasowa daga abu ya shigo cikin ido. Ya kuwa kafa hujjarsa da ɗaki mai duhu wanda ke da 'yar kafa guda, ya jera fitilu a waje, ya ga hasken kowace fitila ya ratsa kafar ya sauka a bango daura da ita ba tare da ya cuɗanya da na 'yar'uwarta ba. Kyamarar da ke hannunku, ta miliyoyi ce ko ta cikin waya, ɗakin nan ne aka ƙanƙanta. Da Bafaranshen nan Niépce ya ɗauki hoton da ya fi kowane daɗewa a cikin waɗanda suka wanzu, wajen 1826, sai da ya bar farantinsa a bakin taga yana shan haske sa'a 8 ko fiye da haka, ga shi ku yau, da na'ura ta rage muku aikin ya koma ƙiftawar ido, minti biyar na tsayuwa ya zame muku nauyi.

Abubuwa uku ne ke hukunta hasken da ke shiga: faɗin kafar, da daɗewar da take yi a buɗe, da saurin jin haske na farantin ciki, wanda za ku ga an rubuta ISO a kansa. Misalinsa misalin randa ce da aka ajiye ƙarƙashin indararo, in bakinta na da faɗi ta cika da wuri, in ƙarami ne sai an jira, in kuwa an bar ta ta wuce lokaci ta tumbatsa ruwan ya zube. Kowane ɗaya yana da farashinsa. In kun faɗaɗa kafa, abin da kuka saita zai fito tangaram amma bayansa ya narke. In kun tsawaita lokaci, duk abin da ya motsa zai shafe, har da rawar hannunku. In kun ɗaga ISO ainun, hoton zai cika da tsaki-tsaki. Wanda ya zauna maraice guda yana jujjuya waɗannan uku a kan abu ɗaya, ko da buta ce a tsakar gida, zai karu fiye da wanda ya sayar da wayarsa ya ƙara kuɗi ya sayi sabuwa.

Sa'an nan ku lura da ƙasar da kuke ciki. Kano ba ta wuce daraja 12 arewa da tsakiyar duniya ba, saboda haka da azahar rana tana bisa ƙoƙon kai sosai, ta zuba duhu a kwarmin ido da ƙarƙashin hula, ta ƙone farar riga har aikin da ke wuyanta ya ɓace. Hasken da ya dace da ku shi ne na fitowar rana zuwa hantsi, da na la'asar sakaliya, lokacin da rana ke zuwa ta gefe, ta fito da zanen da ke jikin soro, da gargasar doki, da tattarar fuskar dattijo. In larura ta tilasta muku tsakar rana, ku nemi inuwar tsamiya ko bakin zaure. Hazon hunturu kuma, wanda da yawa ke ajiye kyamara dominsa, ni a ra'ayina ni'ima ne, domin yana tausasa haske, yana jera itatuwa saf-saf, na kusa baƙi, na nesa toka-toka. Illa dai ku busa ƙurar da ke kan gilashin tukuna kafin ku goge, kada ku dirje shi da bakin riga, don yashin da ke cikin ƙura yana karce shi.

Game da dabbobin gida, kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukarsu daga tsaye, har hoton ya zama ba abin da ke ciki sai ƙeya da gadon baya. Ku durƙusa, ku ma kwanta in ta kama, har idon kyamara ya yi daidai da idon dabbar, ku kuma saita a kan idon nan, domin in ido ya fito sarai an yafe wa sauran jiki. Ku kashe filasha, don a bayan idon kyanwa da kare akwai wani shimfiɗi da ke mayar da haske, shi ke sa idanunsu ƙyalli cikin dare, kuma filasha ba ta haifar da komai sai idanu biyu masu ci bal-bal da dabbar da ta firgita. Na'ura kuma tana da wata tawaya da ya wajaba ku sani: ta ɗauka kowane abu tsaka-tsaki ne tsakanin fari da baƙi, saboda haka takan mai da farin rago ruwan toka, ta kuma koɗe baƙar mage, sai kun ƙara haske da hannunku ga na farko, kun rage ga ta biyu. Haka nan take yi wa mutum baƙi mai sanye da farar babbar riga, ta bi rigar ta bar fuskar cikin duhu, in ba kun taɓa fuskar a kan allon waya ba. Sauran aikin duka jira ne: mage bayan ta ƙoshi ta hau katanga tana lasar hannu, tattabaru sa'ad da aka buɗe musu ɗaki da sassafe, doki lokacin da ya ji motsin mai ba shi dusa ya miƙe kunnuwa. Amma ɗaure dabba tamau, ko rataye ta, ko sa mata tufafi tana kuka domin mutane su yi dariya, wannan ina roƙonku don Allah ku bari, ku tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

Namun daji sun fi na gida haƙƙin a yi nesa da su. Wanda ya nufi Yankari ta Jihar Bauci, wadda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa maziyarta a 1962, ya tafi da rani, lokacin da ciyawa ta kwanta, ruwa ya janye, dabbobi suka taru a Kogin Gaji, ya kuma bi umurnin jagora, kada ya sauka daga mota don giwa ta yi masa nisa. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma, kuma a 1996 ba su kai 50 ba kafin a tashi tsaye a kare su su sake yaɗuwa. Dabbar da ta tsallake ƙarewa haka bai halatta a kore ta da mota domin a ga gudunta ba. Fadamun Haɗeja da Nguru kuma suna karɓar tsuntsayen da ke tsere wa sanyin Turai kowace shekara. Sai dai kada ku zaci sai an yi tafiya ake samun abin ɗauka. Shamuwa tana sauka a bisa itacen unguwarku da farkon damina, gawo kuwa, wanda ke zubar da ganye sa'ad da kowane itace ke tofo, ya yi kore shar da rani, aya ce tsaye a gonar kowa, kuma wanda ya ɗauke shi daga wuri ɗaya a damina da kaka da hunturu da bazara ya tara abin da ba a samu a kasuwa.

Dare shi ne babin da ya fi wuya, shi ne kuma na fi ƙauna. Tun da haske kaɗan ne, dole kafa ta daɗe a buɗe, hannun ɗan Adam kuwa ba ya iya tsayawa cik na daƙiƙa guda, saboda haka in ba ku da mazauni mai ƙafa uku, ku ɗora na'urar bisa katanga ko turmi ko sirdin babur, ku sa mata ƙidayar daƙiƙa biyu ko goma don kada latsawar yatsa ta girgiza ta. A wurin mai shayi ko mai tsire, ku bar fitilarsa da garwashinsa su yi aikin, ku tsaya ta inda hasken ke dukan gefen fuskarsa da hayaƙin da ke tashi, ku bar duhu ya zauna duhu. Filasha a nan tana kashe daren ne ɗungum. Mafi kyawun hoton gari kuwa ba a tsakar dare yake ba, yana cikin ɗan taƙin nan da sama ke shuɗi bayan faɗuwar rana, fitilu sun kunnu amma gine-gine ba su nutse ba, wanda a ƙasarmu da ƙyar yake kai rabin sa'a. Da yake kuma lokacin magariba ne, ga shi lokacinta ƙurarre, ina ba ku shawara ku nemi irin wannan haske bayan sallar asuba kafin ɓullowar rana, don shi ne dai, ga hanyoyi babu cunkoso.

Wata yana ruɗar masu koyo, domin na'ura tana ganin duhun da ke kewaye da shi ta buɗe kafa ta daɗe, sai ya fito farin dunƙule ba zane ba alama. Ku tuna hasken rana ne ke kansa, saboda haka ku taɓa shi a kan allo ku ja hasken ƙasa har duhu-duhun fuskarsa ya bayyana, kuma ku tare shi daren sha huɗu sa'ad da yake ɓullowa daga gabas daidai faɗuwar rana, ku sa kuka ko hasumiya a gabansa. Taurari kuwa suna son kishiyar haka: dararen ƙarshen wata, bayan gari inda ba lantarki, musamman da kaka, ruwa ya wanke ƙura, hazo bai sauko ba, Kaza da 'ya'yanta suna tasowa da farkon dare. Sama tana juyawa daraja 15 a kowace sa'a, don haka in kafa ta wuce kamar daƙiƙa 20 a buɗe taurarin za su fara jan wutsiya.

A halin tafiya kuma, baƙo ko da idonsa makaho ne, kuma kyamara ba ta ba shi iznin da shari'a da al'ada ba su ba shi ba. Sallama tana gaba da hoto. Marinan Ƙofar Mata da ke tsugune bakin karofi, da maƙeri, da mai tallar nono, mutane ne masu mutunci da ke bakin sana'arsu, ku gaishe su, ku nemi yardarsu, in sun ƙi ku yi godiya ku wuce, in sun yarda ku nuna musu abin da kuka ɗauka. Zaure iyaka ne, kuma Alƙur'ani ya hana tajassusi a cikin Suratul Hujurat. Miƙa waya ta bisa katanga, ko ɗaukar matar aure a ɓoye, ko mai da almajiri da mabaraci da majinyaci abin nuni ga duniya ba da saninsu ba, duk suna ƙarƙashin abin da mai kunya ba ya yi. Ku nisanci bariki da shingen jami'an tsaro, ku tambayi lafiyar hanya kafin ku kama ta, kuma ranar Hawan Daushe kada ku walƙa wa doki filasha a fuska cikin taro. Hasumiyar Masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, dubbai sun ɗauke ta kafin ku, ku ɗauke ta ba laifi, amma ku juya ku dubi lungun da ke bayanku, don a nan ne naku rabon yake.

Saura magana guda, ita ce ta amana. Gyara haske da yanke gefe ba laifi ba ne, masu wankin hoto na dā ma suna yi a ɗakinsu mai duhu. Amma liƙa watan da bai fito ba, ko rina ciyawar rani ta koma kore, ko kawo abin da kwamfuta ta ƙaga a ce ga abin da aka gani a Yankari, wannan shaidar zur ce, ko da kuwa ba a gaban alƙali aka yi ta ba. Ku riƙa zaɓe, ku share tara ku bar ɗaya. Wanda kuka bari ku rubuta masa rana da wata da shekara da sunan wurin, ku ajiye kwafinsa a wani wuri dabam da wayar, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta, sa'an nan a ƙarshen kowace shekara ku kai goma ko ashirin mafiya kyau a wanke muku a takarda, ku rubuta bayanin a bayansu da alƙalami.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya kiyaye ku a hanyoyinku. Haza wassalam.